Abin da ke faruwa idan ka buga `npm run build`, da inda ƙarfinsa ya tsaya

Duk wanda ya sauko da kod ɗin wani shafin intanet daga GitHub a 'yan shekarun nan, akwai umarni biyu da zai buga kafin ya ga komai a allo: `npm install`, sannan `npm run dev` ko `npm run build`. Masu koyo da yawa haddace su kawai suka yi. Idan aiki ya tafi daidai, shi ke nan. Idan kuwa jan rubutu ya cika allo, sai a rasa ta inda za a kama, domin ba a san abin da umarnin ya kira a bayan fage ba. Alhali abin da ke bayan `npm run` ƙarami ne ƙwarai, mutum zai iya gane shi a zama ɗaya. Ƙanƙantar nan tasa ita ta ba shi damar ture manyan kayan aikin da suka riga shi, kuma ita ce ke jawo yawancin matsalolin da ake samu da shi.

Da farko, me ake nufi da gina shafi? Burauza ba ta jin kowane yare sai HTML da CSS da JavaScript. Mai rubuta manhaja kuwa yakan rubuta salon shafinsa da Sass, kod ɗinsa da TypeScript ko JSX, ya rarraba su cikin fayil hamsin ko ɗari don sauƙin gyara. Kafin a ɗora shafin a kan saba, wato kwamfutar da ke miƙa shi ga masu ziyara, dole a juya Sass ya koma CSS, a juya TypeScript ya koma JavaScript, a haɗe fayilolin wuri ɗaya, a matse su don kada su cinye wa mai ziyara data, a duba kurakurai, a yi gwaji, a zuba sakamakon a folda ɗaya da aka fi sa wa suna `dist`. Wannan jerin ayyukan ake kira gini. Ba wanda zai yi su da hannu sau ashirin a yini bai manta da ɗaya ba. Bukatar ta daɗe: tun 1976 Stuart Feldman ya rubuta Make a Bell Labs domin masu rubuta manhaja da yaren C.

Zamanin Grunt da Gulp

Ryan Dahl ya fitar da Node.js, mai gudanar da JavaScript a wajen burauza, a 2009, Isaac Schlueter ya biyo da npm a 2010 domin rarraba ƙunshin kod. Daga nan masu gina shafuka suka samu damar rubuta kayan aikinsu da yaren da suka sani. A 2012 Ben Alman ya fitar da Grunt, inda kake bayyana ayyukanka cikin fayil mai suna `Gruntfile.js`. A 2013 Gulp ya zo da dabarar tura fayiloli daga wannan mataki zuwa wancan ba tare da an ajiye su a faifai a tsakani ba, abin da ya sa ya fi sauri. Dukansu sun yi amfani sosai, kuma su suka koya wa dubban mutane cewa gina shafi aiki ne da ya kamata kwamfuta ta yi da kanta.

Sai dai dukansu biyu sun dogara da fulogin. Idan kana son matse JavaScript a Grunt, ba UglifyJS za ka kira kai tsaye ba, sai ka sauko da `grunt-contrib-uglify`. Idan kana son ESLint, mai duba kurakuran kod, a Gulp, sai `gulp-eslint`. Fulogin dillali ne tsakaninka da mai kaya: shi ke karɓar saƙonka ya kai, shi ke dawo maka da amsa. Idan mai kaya ya fito da sabon abu, sai ka jira dillali ya samu labari. Idan dillali ya bar kasuwa, cinikinka ya tsaya, ko da mai kayan yana nan a rumfarsa. Kuma yawancin masu kula da fulogin ɗin nan mutane ne da ke yi a lokacin hutunsu, ba wanda ke biyansu, don haka ba abin zargi ba ne idan ɗayansu ya gaji ya ajiye.

Idan kuskure ya taso, wuri uku za ka bincika: ainihin kayan aikin, fulogin, da Grunt ko Gulp kansa. Wanda ya taɓa riƙe tsohon aiki mai Gulp 3 ya san wannan. Da Node 12 ya fito a 2019, duk wanda ya sabunta kwamfutarsa ya buga `gulp` sai ya ci karo da `primordials is not defined`. Laifin ba na kod ɗinsa ba ne, wani tsohon ƙunshi ne mai suna `graceful-fs` da ke can ƙasa a jerin abubuwan da Gulp 3 ya dogara da su. Mafita ita ce ko ka koma tsohon Node, ko ka yi wa ƙunshin dabara, ko ka sake rubuta fayil ɗin ayyukanka domin Gulp 4, wanda ya sauya yadda ake jera ayyuka.

Tun kafin wannan, a 2014, Keith Cirkel ya yi rubuce-rubucen da suka yaɗu, yana cewa a bar Grunt da Gulp a yi gini da npm. Hujjar mai sauƙi ce. Kusan kowane kayan aikin nan yana da umarninsa da ake bugawa kai tsaye, kuma `package.json` da ke cikin kowane aiki yana da gurbin ajiye umarni. To me ya kawo ɗan tsakiya? Manyan ayyuka sun bi wannan hanya. Bootstrap 3 da Grunt ake gina shi, amma Bootstrap 4, wanda ya fito a farkon 2018, da sikirif ɗin npm, wato umarnin da ake ajiyewa a wannan gurbi.

Mu buɗe fayil ɗin mu gani

Ga misalin abin da za ka iya samu a ƙaramin aiki:

```json
"scripts": {
  "clean": "rimraf dist",
  "lint": "eslint src",
  "build:css": "sass src/salo.scss dist/salo.css --style=compressed",
  "build:js": "esbuild src/app.js --bundle --minify --outfile=dist/app.js",
  "prebuild": "npm run clean",
  "build": "npm run build:css && npm run build:js",
  "test": "node --test"
}
```

Na hagu suna ne da kai ka raɗa, na dama kuma umarni ne da za a miƙa wa kwamfuta kamar yadda yake. Ɗigo biyun da ke cikin `build:css` ba su da wata ma'ana a wurin npm, al'ada ce kawai ta nuna cewa wannan reshen `build` ne.

Idan ka buga `npm run build:css`, abu uku npm ke yi. Yana nemo layin a `package.json`. Yana ƙara foldar `node_modules/.bin` a gaban jerin wuraren da kwamfuta ke duba umarni, wato `PATH`. Sannan ya miƙa layin ga mai fassara umarni na kwamfutar. Iyakar abin ke nan.

Mataki na biyun shi ne mafi daraja, kuma shi aka fi mantawa. Duk ƙunshin da ka sauko da shi wanda ke da umarni, npm na ajiye masa ƙofa a `.bin`. Shi ya sa `sass` zai yi aiki a cikin sikirif, amma idan ka buga shi da hannu kwamfuta ta ce ba ta san shi ba. Amfanin haka shi ne kowane aiki na tafiya da sigar kayan aikin da aka rubuta masa. A da, umarnin shigar da kaya kan fara da `npm install -g`, wato a saka wa kwamfutar gaba ɗaya. Sai ka ga abokan aiki biyu, kod ɗinsu ɗaya, sakamakonsu daban, domin ɗaya yana da tsohuwar siga ɗaya yana da sabuwa, kuma ba inda aka rubuta hakan. Da sikirif, sigar tana cikin `package.json` da `package-lock.json`, duk wanda ya sauko da aikin ita zai samu.

Alamar `&&` tana aiki da lambar da kowane shiri ke bari idan ya gama. Sifili na nufin lafiya lau, kowace lamba daban na nufin an samu matsala. Idan Sass ya ci karo da kuskure ya fita da lambar da ba sifili ba, abin da ke bayan `&&` ba zai tashi ba, npm ma zai fita da lambar kuskure, na'urar da ke jiran ɗora shafin a saba ta dakata. Tsaron da ke hana karyayyen shafi isa ga jama'a a kan wannan lambar ɗaya ya rataya.

Akwai kuma `pre` da `post`. Idan kana da sikirif mai suna `build`, npm zai duba ko akwai `prebuild` ya fara da shi, bayan an gama ya duba `postbuild`. Idan kana son ƙara wa umarni wani zaɓi na lokaci ɗaya, sai ka raba da layi biyu: `npm run lint -- --fix`. Tun npm 2 a 2014 ake iya wannan. Sunaye kaɗan, irin `test` da `start`, ba sa bukatar kalmar `run`. Haka kuma npm na saka wasu bayanai kamar `npm_package_version` a muhallin da sikirif ke gudana, ta yadda za ka iya manna lambar siga a sunan fayil.

Inda gizo ke saƙa: Windows

Mataki na ukun nan, miƙa layi ga mai fassara umarni, shi ne tushen yawancin ciwon kai. A Linux da Mac, npm na miƙa wa `sh`. A Windows kuwa `cmd.exe` yake miƙa wa, ko da kai a PowerShell ko Git Bash ka buga umarnin, sai dai idan ka sauya saitin `script-shell`. Waɗannan biyun yarensu ba ɗaya ba ne. Abin ya shafe mu kai tsaye, domin mai koyo a Kano ko Zariya ko Maraɗi galibi da kwamfuta mai Windows yake aiki, darasin da yake kallo a Mac aka ɗauke shi, sabar da zai ɗora aikin kuma Linux ce.

Wasu bambance-bambancen da ƙara suke zuwa, kuma su ne masu sauƙi. `rm -rf dist` ba ya aiki a `cmd.exe`, shi ya sa aka yi `rimraf`. Layin da ya fara da `NODE_ENV=production` zai jawo saƙon `'NODE_ENV' is not recognized as an internal or external command`, maganinsa `cross-env` na Kent C. Dodds. Ka ga kuskure, ka nemo magani, an wuce wurin.

Waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne masu zuwa shiru. Ɗauki alamar `&` guda ɗaya. Mutum na son Sass da esbuild su zauna suna gadin fayiloli a lokaci guda, suna sake gini da zarar an sauya wani abu, sai ya rubuta `npm run watch:css & npm run watch:js`. A `sh` wannan na nufin tura na farko baya, a tayar da na biyu nan take. A `cmd.exe` kuwa yana nufin a gama na farko sannan a yi na biyu. Tunda mai gadi ba ya gamawa, na biyun ba zai taɓa tashi ba. Mai Windows zai ta gyara JavaScript yana sabunta burauza, ba abin da ke sauyawa, kuma babu ko layi ɗaya na kuskure da zai nuna masa hanya. A Linux ma ba a tsira ba: idan wanda aka tura baya ya faɗi, ba wanda ke duba lambar fitarsa, kuma sau da yawa idan ka danna Ctrl+C yakan ci gaba da gudana a ɓoye. In saba ce, gobe ka zo tayar da ita ka ga `EADDRINUSE`, wato wani ya riga ya zauna a ƙofar. Domin wannan aka yi `concurrently` da `npm-run-all`, mai umarnin `run-p` na gudanar da ayyuka tare da `run-s` na bi da bi.

Na biyu shi ne taurari. Ka rubuta `eslint src/**/*.js` kana nufin duk fayilolin JavaScript komai zurfin foldarsu. Idan ba ka sa alamar zance ba, `sh` ne zai fassara taurarin kafin ESLint ya gan su, kuma a wurinsa tauraro biyu daidai suke da ɗaya, hawa ɗaya kawai zai sauka. A Windows, `cmd.exe` ba ya taɓa taurari, sai ya miƙa su ga ESLint, shi kuma ya fassara su daidai. Sakamakon haka, a kwamfutarka ana duba duk fayiloli, a sabar gwaji ana duba kaɗan daga ciki, kuma rahoto ya fito cewa komai lafiya. Maganin shi ne a kewaye shi da alamar zance mai biyu, a rubuta `\"src/**/*.js\"` a cikin JSON. Mai ɗaya ba za ta yi ba, domin `cmd.exe` bai ɗauke ta alamar zance ba.

A nan mai adalci zai ce: an kori fulogin ta ƙofa, ga `rimraf` da `cross-env` da `concurrently` sun shigo ta taga. Akwai gaskiya a ciki. Bambancin dai shi ne waɗannan ƙananan kaya ne masu aiki ɗaya, ba su tsaya tsakaninka da Sass ko ESLint ba. Sabuwar sigar ESLint ta fito yau, yau za ka iya amfani da ita.

Abin da bai sani ba

Make na 1976 ya san wani abu da `npm run` bai sani ba har yau. A Make kana faɗin cewa wannan fayil daga wancan ake samar da shi, shi kuma ya duba lokacin da aka taɓa kowanne, ya tsallake duk abin da bai sauya ba. npm bai san fayil ba, bai san wane aiki ya dogara da wane ba. Suna ya sani da layin da ke gabansa. Ka buga `npm run build` sau goma ba ka sauya komai ba, sau goma zai yi aikin daga farko. A ƙaramin shafi ba za ka ji ba. A babban rumbun kod mai ƙunshi talatin, mintuna ne ke tafiya. Wannan giɓin ne Nx da Turborepo da Wireit na Google suka zo cikewa, suna tuna abin da aka riga aka gina. Abin lura, ba su kori sikirif ba, a kansa suka hau. Da Wireit ma `npm run build` ɗin dai za ka ci gaba da bugawa.

Ga kuma JSON, wanda ba ya karɓar sharhi kuma ba ya barin a karya layi. Umarni mai matakai shida zai zama dogon zare ɗaya cike da `\"`, wanda ko mai shi ba zai gane ba bayan wata uku. A ganina, da zarar sikirif ya bukaci sharaɗi, ko maimaici, ko ya wuce faɗin allo, lokacin fitar da shi ya yi. A buɗe fayil, a ce `scripts/gina.js`, a rubuta aikin da JavaScript, a bar `"build": "node scripts/gina.js"` a `package.json`. Node na da kayan share folda da kwafe fayil da ke aiki iri ɗaya a Windows da Linux, don haka rabin matsalolin da na lissafa a sama sun kau, kuma ga wurin rubuta sharhi.

Ya kamata a faɗi wata gaskiyar kuma. Ba sikirif kaɗai ya kayar da Grunt da Gulp ba. Webpack na Tobias Koppers, daga baya kuma esbuild na Evan Wallace da Vite na Evan You, waɗanda suka fito a 2020, su suka haɗiye yawancin ayyukan: juyawa, haɗewa, matsewa, gadin fayiloli. Shi ya sa a sabon aiki za ka ga `"build": "vite build"` kawai. Wahalar saiti tana nan, ta koma `vite.config.js` ne, kuma Vite ma yana da nasa fulogin. Abin da ya rage wa sikirif shi ne zama sunan da kowa ya sani. Sabon ma'aikaci ba ya bukatar sanin ko Webpack ake amfani da shi ko Vite kafin ya tayar da aiki. Netlify da Vercel da GitHub Actions, masu gina shafi a kan sabarsu, ma wannan sunan ake ba su. Ranar da aka sauya kayan gini, layi ɗaya za a gyara, sauran duk su ci gaba yadda suke. Wannan babban amfani ne, kuma don shi kaɗai ya cancanci kowane aiki ya samu `dev` da `build` da `test` masu aiki.

Yarn, wanda Facebook ya fitar a 2016, da pnpm da Bun, waɗanda ke aiki irin na npm, duk suna karanta gurbin `scripts` ɗin nan, amma ba su yi tarayya a komai ba. Daga Yarn 2 an daina gudanar da `pre` da `post` na sikirif ɗin da mutum ya raɗa wa suna. Node 22, na 2024, ya zo da `node --run`, wanda ya fi `npm run` saurin tashi, shi ma ba ya kula su. Saboda haka na fi son a rubuta `npm run clean && ...` ƙarara a cikin `build`, maimakon a ɓoye shi a `prebuild` kamar yadda misalin sama ya yi. Mai karanta layin zai ga duk abin da zai faru.

Sikirif ɗin da ba kai ka kira ba

Ba naka `package.json` kaɗai ke da `scripts` ba. Kowane ƙunshi da ka sauko da shi yana da nasa, haka waɗanda shi ya dogara da su, har ɗaruruwa. Akwai sunaye na musamman, `preinstall` da `install` da `postinstall`, waɗanda npm ya shafe shekaru yana gudanarwa da kansa a lokacin `npm install`, ba tare da ya tambaye ka ba, da duk ikon da kake da shi a kan kwamfutarka. An yi su ne da kyakkyawar niyya: wasu ƙunsoshi na bukatar haɗa kod ɗin C++, wasu na bukatar sauko da fayil ɗin da ya dace da irin na'urarka.

Ɓarayi sun daɗe da gano wannan ƙofa. A Yulin 2018 an kutsa asusun ɗaya daga cikin masu kula da ESLint, aka fitar da gurɓatacciyar sigar `eslint-scope` mai `postinstall` da ke satar makullin npm daga fayil ɗin `.npmrc`. A Oktoban 2021 aka yi wa `ua-parser-js` irin haka, da `preinstall` mai dasa shirin haƙo kuɗin kirifto da satar kalmomin sirri. A Satumban 2025 aka ga wanda aka sa wa suna Shai-Hulud, mai yaɗa kansa: ya saci makullin mai manhaja, ya yi amfani da shi ya gurɓata ƙunsoshin mutumin, daga nan ya kama na gaba. A duk waɗannan, wanda abin ya shafa bai buɗe wani baƙon fayil ba, bai ma tayar da manhajarsa ba. `npm install` kawai ya buga.

Shi ya sa pnpm 10, a Janairun 2025, ya daina gudanar da sikirif ɗin shigarwa na ƙunsoshin waje sai waɗanda ka amince da su da sunansu, Bun ma yana da jeri irin wannan mai suna `trustedDependencies`. Mai amfani da npm yana da `npm install --ignore-scripts`, ko ya rubuta `ignore-scripts=true` a `.npmrc` na aikin. Ina ganin ya kamata wannan ya zama ɗabi'a, musamman idan kod ne da wani ya turo maka ka duba, ko aikin gwajin ɗaukar ma'aikaci daga kamfanin da ba ka sani ba. Ka buɗe `package.json` ka karanta `scripts` kafin ka shigar da komai. Wannan saitin ba ya hana mugun kod tashi idan ka tayar da manhajar da kanka, ƙofar shigarwa kawai yake rufewa. Kuma yana da farashi. Ƙunshin da ke bukatar haɗa kod da gaske zai ƙi aiki har sai ka ba shi izini shi kaɗai da `npm rebuild`, tare da `--ignore-scripts=false`. Sannan a sabbin sigogin npm, `npm run build` zai ci gaba da aiki a ƙarƙashin saitin, amma `prebuild` da `postbuild` ba za su tashi ba, kuma ba za a sanar da kai ba. Idan share `dist` a `prebuild` yake, tsofaffin fayiloli za su zauna a ciki su bi sababbi zuwa saba, don haka kafin ka kunna saitin ka duba duk sunan da ya fara da `pre` ko `post` a fayil ɗinka, ka mayar da shi cikin ainihin layin.